Daga Jibiya zuwa Maraɗi: jagoran haɗa hannu wajen binciken cin zarafin mata a garuruwan kan iyaka

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kilomita 1,500, kuma mutanen da ke zaune a bakinta dangin juna ne. Ana auren 'yar Illela a Birnin Ƙonni, ana cin kasuwar Maigatari daga Magarya, mai yoyon fitsari daga ƙauyukan Maraɗi tana iya zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina ko asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi, duk wanda ya fi mata sauƙi. A 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji don gudun 'yan bindiga, yawancinsu mata da yara. Mace tana tsallaka iyaka da ciwonta, wanda ya cuce ta ma yana tsallakawa ya ɓace, amma takardar ƙararta da katin asibitinta suna tsayawa a shingen kwastan.

Wannan jagora na ƙungiyoyin mata ne, da malaman jami'a, da ma'aikatan lafiya da ke son yin bincike tare da takwarorinsu na tsallake, don a gano abin da ke rage duka da fyaɗe da auren dole. Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk matakan: ba a tambayar mace abin da ya same ta sai an riga an san inda za a kai ta idan ta faɗa.

Mataki na farko: ku ƙuntata wurin da tambayar

Kada ku ce za ku binciki "cin zarafin mata a yankin Sahel". Wannan taken taron otal ne. Ku ɗauki hanya guda wadda mutane ke bi da gaske: Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Ƙonni, ko Kongolam da Matamaye, ko Kamba da Gaya. Sannan ku tsayar da tambaya guda wadda amsarta za ta canza aikin wani. Misali: matar da aka yi wa fyaɗe a ƙauyukan nan, wa take fara gaya wa, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin ta ga ma'aikacin lafiya? Ko kuma: idan matar aure ta yi yaji ta tsallaka gidan iyayenta, wa ke yin biko, kuma da wane sharaɗi ake mayar da ita?

Kafin ku tara sabon bayani ku karanta wanda ke ƙasa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka tun daga shekara 15, kashi 9 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma kashi 55 na waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. A Nijar, binciken 2012 ya nuna kashi 76 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. Akwai wani abu a cikin alƙaluman Nijeriya da ya kamata ku tsaya a kansa: Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki ƙarancin matan da suka ce an dake su. Wasu na karanta wannan su yi hamdala. Ni dai ina ganin tambaya ce a buɗe, domin inda aka tarbiyyantar da mace a kan haƙuri da rufin asirin miji, ƙarancin masu faɗa yana iya zama ƙarancin duka, yana kuma iya zama yawan shiru. Bincike mai kyau shi ne wanda aka tsara don ya rarrabe tsakanin biyun.

Mataki na biyu: ku bi hanyar taimako da ƙafarku

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin lokaci. Ku zauna, mutanen ɓangarorin biyu, ku rubuta duk inda mace za ta iya zuwa: asibiti, ofishin 'yan sanda ko na jandarma, ofishin kula da mata, lauya, gidan da za ta iya kwana idan komawa gida haɗari ne. A ɓangaren Nijeriya akwai cibiyoyin da aka keɓe don waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Nana Khadija a Sakkwato, da Waraka a asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi aiki a Sakkwato, ya kuma yi a jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram da Tilaberi, saboda haka akwai ma'aikatan da aka riga aka horar a duka ɓangarorin. Ku neme su.

Rubuta suna a takarda bai isa ba. Ku je kowane wuri, ba tare da tawaga ba, a ranar aiki da kuma ranar hutu. Ku tambaya: akwai maganin kariya daga ƙanjamau yau a kanti? Akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa? Wa ke riƙe da makullin ɗakin magani da dare? Akwai ma'aikaciya mace? Ana karɓar kuɗin kati ko na takardar shaidar likita, kuma nawa? Idan mace ba ta da katin ɗan ƙasa na wannan ɓangaren, za a duba ta?

Dalilin wannan bin diddigi lissafin awoyi ne. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da aukuwar abin, ana kuma shan sa kwana 28. Ƙwayar hana ciki ta gaggawa tana aiki zuwa awa 120. Yarinyar da ta kwana biyu kafin ta gaya wa uwarta, aka ƙara kwana ɗaya ana shawara da mai unguwa, ta riga ta kai bakin wa'adi. Idan asibitin da ya fi kusa da ita yana tsallaken iyaka, can ya kamata ta je, kuma aikin haɗin gwiwarku na farko shi ne ku sa ma'aikatan asibitocin biyu su san juna, su riƙe lambar wayar juna. Ku ware kuɗin mota ko na babur a cikin kasafin binciken tun daga farko, a naira da kuma a sefa.

Idan kuka gama zagayen kuka tarar babu ko wuri ɗaya da za a kai mace a yankin da kuka zaɓa, to binciken ya dakata. Ku fara da horar da ma'aikaciyar lafiya ɗaya da mai ba da shawara ɗaya, ko ku canza yanki.

Mataki na uku: lauyoyi biyu, tebur ɗaya

Dokokin ƙasashen biyu ba su yi kama ba, kuma a Nijeriya ma kowace jiha da nata. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 a Abuja kawai take aiki kai tsaye, sai jiha ta amince da ita ta zama tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018, kuma jihohi kan gyara wasu sassa yayin amincewa. Haka dokar haƙƙin yara ta 2003. Ga kuma kotunan shari'ar Musulunci da hukumar Hisba a jihohin da ke da su. A Nijar, kundin dokokin zamantakewa da aka gada daga Faransa ya sa shekarun aure 15 ga yarinya, 18 ga yaro, amma yawancin aure da saki bisa al'ada da addini ake yin su, kuma sarakunan gargajiya suna da hurumin sulhu da doka ta ba su. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka. Nijar ta sa hannu amma majalisarta ba ta amince da ita ba.

Ku sa lauya ɗaya daga kowane ɓangare, misali daga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da takwararta ta Nijar, su rubuta muku shafi biyu da Hausa mai sauƙi: mene ne laifi a nan, mene ne laifi a can, ina ake kai ƙara. Abin da ya fi muhimmanci su amsa shi ne: idan yarinya ƙarama ta gaya wa mai tambaya cewa ana lalata da ita, me doka ta wajabta a yi? Dole a san amsar kafin a shiga gida na farko, a kuma gaya wa kowace mace tun kafin ta buɗe baki iyakar sirrin da za a iya riƙe mata.

Shari'ar Hadijatu Mani ta nuna abin da haɗin gwiwa ke iya yi. An sayar da ita tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a mayar ƙwarƙwara, a yankin Ƙonni. Ƙungiyar Timidria ta Nijar da lauyoyin waje suka kai maganar kotun ECOWAS, a watan Oktoba na 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta kuma ce a biya ta sefa miliyan 10. Cinikin wahaya kansa yana ratsa iyaka zuwa arewacin Nijeriya. Sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka kada ku gina shirinku a kan wannan ƙofar. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ba ta dogara da ECOWAS ba.

Mataki na huɗu: yarjejeniya a rubuce, da izini

Ku rubuta wa zai riƙe kuɗi, wa zai riƙe bayanai, sunan wa zai hau rahoto, da abin da za a yi idan ɗaya ya janye. Abin da aka saba gani shi ne ɓangaren da ke jin harshen mai ba da tallafi ya zama ubangida, ɗayan ya koma ɗan aike mai tara takardu. Maganin wannan shi ne taro da Hausa, yarjejeniya da Hausa, sannan a fassara wa mai tallafi. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ba wanda zai ce ba a hukumance ba ne.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuwa sai an nema a kowace ƙasa daban. A Nijeriya akwai kwamitin ƙasa da na ma'aikatun lafiya na jihohi da na asibitocin koyarwa. A Nijar akwai kwamitin ƙasa ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Jingina da jami'a yana sauƙaƙa wannan: Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, Andre Salifu a Damagaram, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, Bayero a Kano. Cibiyar LASDEL da ke Yamai ta daɗe tana binciken yadda asibitoci da ofisoshi ke mu'amala da talakawa a zahiri, irin ilimin da kuke buƙata ke nan. Ku kuma sanar da gwamna da hukumomin tsaro a rubuce, musamman a Nijar, inda aka tsananta sa ido a kan ƙungiyoyi tun bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Mataki na biyar: takardar tambayoyi guda

Idan kowane ɓangare ya yi tasa takardar, ba za a iya kwatanta sakamako ba, an yi aikin banza. Ba sai kun ƙirƙiro sabuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada tata a kan mata 24,000 a ƙasashe 10, ta fitar da sakamako a 2005, kuma a kanta yawancin bincike ke tafiya har yau. Sirrinta shi ne ba ta tambayar mace ko an ci zarafinta, domin matar da ke ganin mari tarbiyya ce za ta ce a'a da zuciya ɗaya. Aiki ake tambaya, ɗaya bayan ɗaya: ya taɓa marinki? Ya taɓa hankaɗa ki? Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa tilasta miki kwanciya ba ki so? Kowace tambaya sau biyu, a tsawon rayuwa da kuma cikin wata 12 da suka wuce. Ta biyun ce za ta nuna muku ko an samu sauyi.

Ku ƙara abin da ya shafi gidajenmu: hana ci da sha, hana zuwa asibiti ko awon ciki, ƙwace jarin sana'a, barazanar saki ko raba ta da 'ya'ya, da cutarwar da ke zuwa daga uwar miji ko kishiya. Shekarun aure a tambaye su ta hanyar abin da aka sani, kamar ko ta fara al'ada kafin a ɗaura, tunda da yawa ba su da takardar haihuwa. Idan akwai tambayar kuɗi, ku tuna mutumin Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. A rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa, a juya daga baya.

A gwada takardar a kan mata kaɗan a kowane ɓangare, a gyara kalmomin da Bakatsiniya ke ji amma Ba'adariya ba ta amfani da su.

Mataki na shida: shiga gida

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 su ne ma'auni, kuma ba a rage ko ɗaya. A bainar jama'a, har a gaban maigari da mai unguwa, sunan aikin binciken lafiyar mata da zaman iyali ne. Ita matar kaɗai ake gaya wa ainihin abin da za a tambaya, bayan an keɓe. Mace ɗaya tak ake tambaya a kowane gida, ta hanyar ƙuri'a, don kada kishiya ta san abin da aka tambayi 'yar'uwarta. Ba a tambayar miji da matarsa a kan duka. Idan kuna son jin ta bakin maza, ku je wasu gidajen, da maza masu tambaya. Ba a yin hirar a gaban kowa, sai dai jaririn goye. Idan wani ya shigo, mai tambaya ta juya zuwa shafin da aka tanada na tambayoyin abinci da rigakafi har ya fita. Idan keɓewa ta gagara, a sa wata rana, ko a haɗu a asibiti ranar awo.

Masu tambaya mata ne, kuma kada su kasance 'yan garin. Horonsu ya ɗauki makonni, ba kwana biyu ba, a wuri ɗaya ga ɓangarorin biyu idan hanya ta yiwu. A koya musu yin shiru idan mace ta fashe da kuka, da barin wa'azin haƙuri, da barin cewa "ki kai shi ƙara". Ita ta san haɗarin gidanta fiye da kowa. A ƙarshen hira ana ba kowace mace, wadda ta faɗi wani abu da wadda ba ta faɗa ba, bayanin inda ake samun taimako, da baki ko a ɗan kati mai kama da na asibiti. Su kansu masu tambayar suna buƙatar wanda zai saurare su duk ƙarshen mako, domin wasu daga cikinsu labarin gidajensu suke ji daga bakin wata.

Ƙauyen da 'yan bindiga ke shiga ba a zuwa. Mutanensa suna nan a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka tsugunar da 'yan gudun hijira, ko a cikin garuruwan Nijeriya.

Mataki na bakwai: abin da zai tsallaka iyaka da abin da ba zai tsallaka ba

Suna ba ya hawa takarda, lamba ce ke hawa. Idan da waya ake tara bayani, da manhaja irin KoboToolbox, a sa mabuɗin sirri, a tura a goge kullum, domin ana duba wayoyi a shingaye. Ba a tura labarin kowa ko hotonta a zauren WhatsApp na ma'aikata. Abin da ɓangarorin biyu za su yi musaya shi ne jimilla: mata nawa, wane iri, cikin kwana nawa suka isa asibiti. Tsarin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na yawan jama'a (UNFPA) da na 'yan gudun hijira da ƙungiyar agaji ta IRC suka samar ya kasa abin gida shida: fyaɗe, sauran cin zarafin jima'i, duka, auren dole, hana haƙƙi da dukiya, da cutar da zuciya. Ku yi amfani da shi don lissafinku ya yi daidai da na sauran ma'aikata. Idan adadin wani ƙauye bai kai biyar ba, a haɗa shi da na maƙwabta, don a ƙaramin gari "matar aure mai shekara 16 da aka sake ta bara" suna ne. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, Nijar tana da tata tun 2017, duka biyun sun yi magana a kan fitar da bayanai waje.

Mataki na takwas: daga ƙirge zuwa rigakafi

Ƙirge kaɗai ba ya hana mari ko ɗaya. Da zarar kun san yanayin da ake ciki, ku ɗauki hanya guda ta rigakafi ku gwada ta. A Kampala ta Yuganda an gwada shirin SASA! na ƙungiyar Raising Voices daga 2007 zuwa 2012 a unguwanni takwas, huɗu da shirin, huɗu babu. 'Yan unguwa maza da mata aka horar su riƙa tayar da zancen iko tsakanin miji da mata, kuma dukan mata ya yi ƙasa da kusan rabi a inda aka yi shirin. Kusa da gida, a jihar Doso, ƙungiyar Pathfinder da masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya sun gwada ziyarar gida da zaman ƙananan ƙungiyoyi ga 'yan mata matan aure da mazajensu a ƙauyuka 48 na Doso da Dogon Dutsi da Loga, kuma zaman ƙungiyoyin ne ya nuna raguwar cin zarafi. Makarantar mazaje da UNFPA ta fara a Damagaram don lafiyar masu ciki aka kafa ta, amma ta nuna cewa magidanta na zama su saurari 'yan'uwansu. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta daɗe tana tara 'yan mata a wuri amintacce tare da mai ba su shawara, don su zauna a makaranta a jinkirta aure.

Duk wanda kuka zaɓa, ku raba garuruwa ta ƙuri'a a kowane ɓangaren iyaka, wasu su fara, wasu su jira, sannan a auna duka kafin da bayan. Kada a ce Nijar ce ta gwaji, Nijeriya ta kwatance. Bambancin doka da kuɗi zai cinye sakamakon. Garuruwan da suka jira a yi musu alkawarin shirin daga baya, a kuma cika. Ku ba abin shekara biyu zuwa uku. Malamai da limamai a shigo da su tun ranar tsarawa, tare da malaman Islamiyya mata irin na ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, su fitar da hujjojin kyautata wa iyali da bakinsu. Limamin da aka kira ranar rufe taro don ya yi addu'a kawai bai shiga aikin ba.

Ku shirya wa abu ɗaya: idan shirin ya kama, ƙararrakin da ake kawowa asibiti da ofis za su ƙaru a shekarar farko, saboda mata sun fara fitowa. Ku gaya wa hakimi da mai tallafi wannan tun kafin a fara, in ba haka ba za su ce kun lalata gari. Ma'aunin gaskiya shi ne amsar tambayar wata 12 a binciken gida-gida.

Mataki na tara: mayar da sakamako, da ranar da aka rufe iyaka

Waɗanda za su fara jin sakamako su ne matan garuruwan, sannan sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, kafin 'yan jarida. A faɗe shi da Hausa a gidajen rediyon da ake ji a ɓangarorin biyu, ba tare da jera garuruwa daga mafi muni zuwa mai dama ba, don garin da aka kunyata ba zai sake buɗe muku ƙofa ba. Kowane ofis a kai masa buƙata ɗaya da zai iya biya: asibiti ya ajiye maganin awa 72 a inda ma'aikacin dare zai iya ɗauka, ko a soke kuɗin takardar shaidar likita. Kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, lokaci ne da jami'ai ke neman abin faɗa, sai ku miƙa musu naku.

An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, kuma ba a ba kowa sanarwar wata guda ba. Don haka kowane ɓangare ya kasance yana da asusunsa, da shugabar aikinsa, da kwafin takardar tambayoyi da jerin wuraren taimako, yadda zai ci gaba shi kaɗai na tsawon watanni. Jerin nan a sake bin sa da ƙafa duk wata uku, domin ana canza wa ma'aikata wurin aiki, magani yana ƙarewa, lambobin waya kuma suna mutuwa.